Ƙarar bindiga a dajin Oberhof

Maƙwabcina ne ya saka ni cikin wannan harka ta kallon wasan gudu da harbi a kan dusar ƙanƙara. Dattijo ne mai shekara 70 da 'yan kai, matarsa ta rasu, ƙofarsa tana kallon tawa a hawa na uku na gidan da nake haya a birnin Erfurt, cikin jihar Turingiya ta ƙasar Jamus. Baba nake ce masa. Ranar da na gaya masa ma'anar kalmar sai ya gyaɗa kai, ya ce ya karɓa. Wata Asabar a farkon Disamban 2022 ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in zo mu sha shayi, bai kamata mutum ya zauna shi kaɗai a irin wannan sanyi ba. Ina shiga na tarar da talabijin a kunne: maza kwance rub-da-ciki a kan tabarmi cikin dusar ƙanƙara, kowa da bindiga a kafaɗa yana auna wani abu.

Na ɗan tsaya a bakin ƙofa kafin in zauna. Ni daga yammacin Funtua na fito. A wajenmu, a 'yan shekarun nan, in an ji ƙarar bindiga babu mai tambayar mene ne. Kowa yana neman yaransa ne. Na taɓa kwana cikin karan dawa tare da Inna da ƙannena, muna jin harbi daga ƙauyen da ke gabanmu har gari ya waye. Tun daga ranar, ko ƙyaure aka buga da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Ban gaya wa Baba wannan ba a lokacin. Na karɓi shayina na zauna, shi kuwa ya shiga bayani kamar wanda ya daɗe yana jiran ɗalibi.

Sunan wasan biyatlon. Gudu ne a kan dogayen katakan zamiya, da sanda biyu a hannu da bindiga goye a baya, a riƙa tsayawa ana harbi. Kashi-kashi ne, amma wanda Baba ya fi so, wanda ni ma ya shiga raina, shi ne wanda Jamusawa ke kira Verfolgung, wato tseren bin sawu. Da farko akan yi gajeren tsere, kilomita 10 ga maza, kowa ya tashi shi kaɗai, agogo ya raba gardama. Mutum 60 na farko su ne za su dawo ranar bin sawu, kuma ba tare za a sake su ba. Wanda ya ci gajeren tsere shi zai fara tashi. Wanda ya biyo shi da tazarar daƙiƙa 10 sai ya tsaya daƙiƙa 10 kafin a buɗe masa hanya, wanda aka bari da minti 2 ya tsaya minti 2 yana kallon bayan mutane. "Kowa da bashin jiya yake tashi," in ji Baba. Daga nan babu sauran lissafi, wanda ya riga isa shi ya ci. Kilomita 12.5 ne ga maza, zagaye 5, da tsayawa 4 a filin harbi: biyu a kwance, biyu a tsaye, kowane da harsashi 5 da baƙin ɗigo 5 a nisan mita 50. Duk ɗigon da mutum ya kuskure, zai shiga wani ƙaramin da'ira na mita 150 ya zagaya, zagayen tara ke nan, yana cin daƙiƙa 20 da wani abu, abokan hamayya suna wucewa a gaban idonsa.

Haka muka cinye hunturun. Ranar da muka fara kallo tare ana Kontiolahti ne a Finland, daga nan Hochfilzen a Ostiriya, sai Le Grand-Bornand a Faransa, bayan sabuwar shekara Pokljuka a Sulobeniya da Antholz a Italiya. Kusan ko'ina mutum ɗaya ne a gaba, wani ɗan Norwe mai jan gashi, Johannes Thingnes Bø. A Faransa ne kawai ɗan ƙasarsu Sturla Holm Lægreid ya ƙwace tseren bin sawu daga hannunsa, ranar nan Baba ya yi ta tafi shi kaɗai a falo, ya ce ko ba komai an tuna wa yaron cewa shi ma ɗan Adam ne. Tun kafin Kirsimeti ya riga ya saya mana tikiti biyu na gasar duniya da za a yi a Oberhof cikin Fabrairu. Bai yi shawara da ni ba, nuna mini kawai ya yi.

Ranar Lahadi 12 ga Fabrairun 2023 muka kama jirgin ƙasa da safe. Na sa wando biyu, safa biyu, riga huɗu. Baba ya duba takalmina ya koma ɗaki ya ɗauko mini tsohuwar jarida ya ce in naɗe in cusa a ciki, domin mai tsayuwa a ƙanƙara ta tafin ƙafa sanyi ke kama shi. Jirgin cike yake da mutane masu hula kala uku, baƙi da ja da ruwan ɗorawa, wasu da ƙararrawar shanu rataye a wuya, 'yan Norwe ƙalilan da tutarsu a kafaɗa. Bayan Arnstadt ƙasa ta fara tashi, gonaki suka ƙare, dogayen itatuwa masu duhun ganye suka rufe mu hagu da dama. Sai muka shige wani rami da aka fasa cikin dutse, tsawonsa kilomita 3, wanda tun 1884 jirage ke bi. Muna fitowa Baba ya nuna mini wata tasha ta taga, ya ce tashar Oberhof ke nan, amma tun 2017 jirgin fasinja ya daina tsayawa. Sai a Zella-Mehlis muka sauka muka shiga layin bas.

A layin nan ya ba ni labarin da ya fi zama mini. Ya ce garin da muke tsaye da maƙwabcinsa Suhl garuruwan maƙeran bindiga ne tun ɗaruruwan shekaru. Kamfanin Anschütz, wanda yawancin 'yan wasan ke goye da bindigarsa, a nan aka kafa shi a 1856, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ya koma Ulm. Shi kansa wasan daga soja ya fito, daga masu sintirin kan iyaka a ƙasashen arewacin Turai. Ya shiga gasar Olamfik a 1960, kuma har zuwa 1978 da manyan bindigogi irin na soja ake yinsa, kafin a koma 'yar ƙaramar da ake amfani da ita yanzu. A zamanin Jamus ta Gabas, ƙungiyar wasanni ta sojoji ce ke rainon 'yan wasa a Oberhof. Ya lissafa mini 'ya'yan yankin kamar mai lissafa dangi: Frank Ullrich da ya ci zinariya a 1980, Mark Kirchner, Kati Wilhelm, Erik Lesser da ya zama zakaran duniya na bin sawu a 2015, da Sven Fischer wanda ba ya sa safar hannu komai tsananin sanyi. Na ce, "Baba, kai ma ka yi soja?" Ya ce ya yi, dole ce a lokacinsu, wata 18. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Oberhof ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai 2,000 ba, yana kan tudu sama da mita 800. Filin wasan yana wajen gari, a gefen tsohuwar hanyar ƙafa da ake kira Rennsteig. Daga inda bas ya ajiye mu sai da muka taka cikin daji tare da dubban mutane, hayaƙin gasa nama yana tashi ta ko'ina. Naman alade ne, abin shan da kowa ke riƙe da shi kuma giya ce mai zafi, don haka Baba ya nemo mini wanda ake dafa wa yara, ruwan 'ya'yan itace da kanumfari da kirfa, muka haɗa da burodi da dafaffen ƙwai da muka taho da su. Garin ya yi suna wajen hazo. Jiya ma, in ji mutanen da ke kusa da mu, cikin hazo aka yi gajeren tseren maza, 'yan Norwe suka kwashe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku.

Wurin tsayuwarmu yana fuskantar filin harbi. Layi 30 ne a jere, kowane da tabarmarsa da lambarsa, da 'yan ƙananan tutoci da aka kakkafa don nuna inda iska ta dosa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ake harbi. A talabijin kyamara tana jawo shi kusa har ya cika allo. A ido kuwa, ɗigo biyar ɗin nan kamar ƙwayar gero suke. Na tsaye faɗinsa santimita 11.5, kamar bakin ƙaramin kofi. Na kwance santimita 4.5 ne kacal. Kuma mutum zai zo musu ne bayan ya hau tudu, zuciyarsa tana bugawa wajen sau 170 ko fiye a minti ɗaya.

Mata suka fara. Kafin nan sai da aka yi gwajin saiti, a nan na ji harbin farko. Na riga na ƙanƙame ƙarfen da ke gabana ina jiran abin da na sani. Abin da ya zo wata 'yar ƙara ce siririya, tas, kamar an karya busasshen kara. Ko adakar mafarautan garinmu ta fi ta amo nesa ba kusa ba. Duk da haka jikina bai yarda ba, kafaɗuna suna ɗagawa da kowace ɗaya. Baba ya lura. Bai ce komai ba, ya dai matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya bar ta a nan. A tseren matan, Bajamushiya Denise Herrmann-Wick, wadda ta ci gajeren tsere ranar Juma'a, ita ta fara tashi, filin kamar zai tsage. Bafaranshiya Julia Simon ce ta ci, Herrmann-Wick ta zo ta biyu, Jamusawan suka yi wa duka biyun tafi.

Tsakanin tseren biyu na samu wani lungu bayan rumfuna, na shimfiɗa leda da sallaya a kan ƙanƙara na yi sallah. Baba ya tsaya riƙe da jakata, ya juya wa hanya baya don kada masu wucewa su bi ta gabana.

Da la'asar aka jera maza. Wannan tashin shi ne abin da ba zan manta ba, kuma talabijin ba ta nuna shi yadda yake, domin kyamara tana bin na gaba ne ta manta da saura. Johannes Bø ya fita shi kaɗai. Aka ƙirga wajen daƙiƙa 15, wansa Tarjei ya bi shi. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, daga wani gari mai suna Stryn, Tarjei ya girme shi da shekara 5, kuma shi ya fara cin kofin duniya, wato na kakar wasa gaba ɗaya, tun ƙanen yana yaro. Sai aka yi shiru mai tsawo, kusan daƙiƙa 40 daga tashin na farko, kafin a saki Lægreid. Daga nan ƙofofin suka fara aman mutane, ɗaya, biyu, uku a tare. Ni idona yana kan na ƙarshen layi. Suna tsaye suna bubbuga ƙafa, suna kaɗa hannu don jini ya zagaya, sun san wanda suke bi ya riga ya shige daji tun minti 2 ko 3 da suka wuce, sun kuma san in ya zagayo ya cim musu za a fitar da su daga tseren. A cikinsu har da Benedikt Doll, zakaran duniya na gajeren tsere a 2017, wanda Asabar ta ɓaci masa a gaban mutanensa. Da aka buɗe masa hanya ya fita kamar shi ne na ɗaya.

Suna ɓacewa sai kallo ya koma babban allo, amma kunne yana gaya maka inda suke. Akwai wani hawa a cikin dajin da ake kira Birxsteig, inda 'yan kallo ke yin layi hagu da dama, ihunsu yana tasowa ta cikin itatuwa kamar iskar hadari. Bayan 'yan mintuna Bø ya gangaro filin. Na ga yadda ya sassauta tun daga nesa, ya daina tura sanduna da ƙarfi, yana jan numfashi. Ya durƙusa, ya sauke bindiga daga baya, ya kwanta. Sai dubban mutanen nan suka yi tsit. Tas. Baƙin ɗigo ya koma fari, filin gaba ɗaya ya ce "Hey!" da murya ɗaya, ya sake yin shiru. Tas. "Hey!" Sau biyar. Kafin in sauke numfashina ya goya bindiga ya tafi. Da na baya suka iso, layi 30 suka cika, sai harbi ya haɗe kamar ruwan sama a kan kwano, "Hey" da "Ooo" suna cakuɗe, masu kuskure suna karkata zuwa zagayen tara, suna juyawa a ciki su biyar su shida.

A nan ne wani abu ya sauya mini, ban san daidai lokacin ba. A harbi na biyu na ji muryata cikin masu cewa "Hey". Hannuna ya saki ƙarfen. Na fara lura da abin da Baba ya yi wata biyu yana nuna mini: yadda suke riƙe numfashi rabin daƙiƙa kafin su taɓa kunama, yadda mai hankali yake dakatawa in tuta ta kaɗa, yadda wanda ya yi gaggawa don ya ga na kusa da shi ya tashi yakan biya da zagaye biyu. Bindigar ba ta da nauyi sosai, kilo 3.5 ne mafi ƙaranci da doka ta yarda, amma a harbin tsaye kana ganin bakinta yana rawa a hannun wanda ƙafafunsa suka gaji. Kuma babu mai barin tabarma da harsashi a ciki, babu mai juya bakinta wajen mutane. Ban taɓa ganin an riƙe bindiga da irin wannan ladabi ba.

Kafin harbin ƙarshe Baba ya kama hannun rigata. Ya ce kada in yarda an gama. A 2019, a gasar duniya ta Östersund, wannan Bø ɗin ya zo harbin ƙarshe yana gaba da tazara, ya zubar da uku cikin biyar, wani ɗan Yukiren mai suna Dmytro Pidruchnyi ya wuce shi ya ɗauki zinariya. Ya nuna mini shi a cikin masu shuɗi da rawaya, yana nan cikin tseren yau. Ya ce da Rasha ta afka wa ƙasarsu a Fabrairun 2022, mutumin nan ya ajiye wannan bindiga ya sa kakin dakarun tsaron ƙasarsa, daga baya ya dawo wasa. Saboda yaƙin ne ma babu ɗan Rasha ko Belarus ko ɗaya a filin. Na bi shi da ido har ya kwashe sandunansa ya fita. Na yi ta tunanin abin da kunnensa yake ji in ya taɓa kunama, ko irin nawa ne.

Bø bai maimaita kuskuren 2019 ba. Ya tsaya, ya sauke biyar ɗin, ya juya ya tafi, ya shiga layin ƙarshe babu kowa a bayansa, fiye da minti ɗaya tsakaninsa da Lægreid. Na uku wani ɗan Suwidin ne, Sebastian Samuelsson, wanda jiya ba ya cikin masu lambar yabo, ya biya bashinsa da harbi mai kyau har ya wuce Tarjei da sauran 'yan Norwe. A ganina tserensa ya fi na Bø daɗin kallo, domin shi ne ya nuna dalilin da ya sa aka ƙirƙiro wannan tsari. Doll ma ya haura mutane da yawa. Mutane suka fara gangarawa wajen bas, amma Baba ya ce mu tsaya. Muka tsaya har na ƙarshe ya shigo, wani da ban riƙe sunansa ba, majina ta daskare masa a gemu, ya faɗi a kan ƙanƙara yana haki. Waɗanda suka rage a filin suka kaɗa masa ƙararrawa kamar yadda suka kaɗa wa na farko.

A cikin bas na yi kuskuren tura wa ƙanwata ɗan bidiyon da na ɗauka, ban yi tunanin za ta nuna wa Inna ba. Muna tashar Zella-Mehlis waya ta yi ƙara. Ko sallama ba ta gama amsawa ba ta ce, "Kai, ina kake? Harbin me nake ji?" Na ce, "Inna, wasa ne, wallahi wasa ne. Ƙarfe suke harbi, ba mutum ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To mutanen da ke ihu fa?" Na ce murna suke yi. Ta sake yin shiru mai tsawo, har na duba ko layin ya yanke. Ta ce, "Allah Ya nuna mana." Ta tambaya ko na ci abinci, ko na rufe kunnena daga sanyi, ta ce in gaishe da dattijon.

A jirgin komawa ne na ba Baba labarin daren karan dawa, da Jamusancina mai tuntuɓe. Ya saurara har na gama, yana kallon duhun taga. Da muka shiga ramin dutsen nan ya ciro sauran ƙwai ɗaya daga jakarsa, ya ɓare, ya miƙo mini.

Sauran kakar a falonsa muka ƙarasa ta. Bø ya bar Oberhof da zinariya 5, ya ci bin sawu a Nove Mesto, ya sake ci a Oslo cikin Maris. Cikin tseren bin sawu 7 na kofin duniya a kakar, ban da na Oberhof, 6 nasa ne, aka miƙa masa ƙaramin kofin ƙarau na wannan fanni tare da babban na kakar gaba ɗaya. Ranar ta Oslo saura 'yan kwanaki a fara azumi, ƙanƙarar Erfurt ta daɗe da narkewa. Da aka jera su 60 a bakin ƙofa, Baba ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To ɗana, wa muke bi yau?" Na ce na ƙarshen layi. Ya ɗauko tabaransa ya matsa kusa da allo yana neman lambarsa.